Shekara guda ina rage ƙiba: daga zauren WhatsApp zuwa layin asibiti

Ranar da na ƙarasa sallar Asuba a zaune kan kujerar roba, a ƙarshen watan Satumba na 2023, ita ce ranar da na yarda cewa ƙibata ta tashi daga maganar kwalliya ta koma maganar lafiya. Shekaruna 43 a lokacin, ina koyarwa a wata makarantar sakandaren 'yan mata a Kano, kuma ina da 'ya'ya huɗu. Gwiwata ta dama ta jima tana yi mini ciwo idan zan ɗago daga sujada, amma a wannan asubar sai da na dafa gefen gado da hannu biyu kafin na iya miƙewa, raka'a ta biyu kuwa a kujera na yi ta ina share hawaye. Na zauna rubuta wannan bayani ne domin na bi hanyar rage ƙiba a baibai, na fara da abin da ya kamata ya zo daga baya, kuma hakan ya ci mini kuɗi da makonni da lafiya waɗanda da na san tsarin tun farko da ban yi asararsu ba.

Ƙibar ba rana ɗaya ta zo ba. Kowace haihuwa na yi sai jego ya bar mini kilo biyar ko shida, tsakanin kunun kanwa da gasasshen nama da tuwo mai man shanu, kuma ba wanda ya taɓa kallon abin a matsayin matsala, sai dai a ce hutu ya karɓe ni, maigida ya iya riƙo. Washegarin waccan asubar na tsaya a wani kemis kusa da makaranta na hau sikeli, ya nuna kilo 96, alhali tsayina mita 1.62 ne. A ɗakin malamai na faɗa wa wata abokiyar aikina, ita kuwa kafin a tashi daga makaranta ta haɗa ni da shugabar wani zauren WhatsApp na mata masu rage ƙiba da tsarin da ake kira keto, wato yanke abinci mai sitaci da sukari kusan gaba ɗaya, a dogara da nama da kifi da ƙwai da mai da ganye.

Shiga zauren bai ɗauke ni awa guda ba. Na tura naira 10,000 kuɗin wata ɗaya, na aika hoton shaidar biya, aka turo mini tambayoyi na amsa: shekaru, nauyi, tsayi, faɗin ƙugu, da layi ɗaya tak da ke tambayar ko ina da wata cuta. Na ɗauko tef ɗin ɗinki na auna ƙuguna ya ba ni santimita 108, a wurin cuta kuwa na rubuta "babu", ba don na yi gwaji ba, sai don ban taɓa kwanciya a asibiti ba in ba haihuwa ba. Wannan kalma ɗaya ita ce kuskurena mafi girma a duk tafiyar. Mun haura mata ɗari a zauren, kuma doka ita ce kada sitaci ya wuce giram 20 a rana, a ɗauki hoton duk abin da za a ci a tura, sannan kowace Asabar da safe a tura hoton ƙafafu a kan sikeli. Domin mai karatu ya gane ƙanƙantar giram 20, ƙaramin kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa ya kai kusan giram 45. Jerin abubuwan da aka hana ya haɗa duk abin da na tashi ina ci: tuwo kowane iri, shinkafa, taliya, waina, gurasa, fura, koko, kunu, doya, dankali, har wake da ƙosai da alale da ɗanwake, har ayaba da mangwaro.

Asabar ta farko na tafi kasuwar 'Yankaba na ciko buhu da kabeji da alayyahu da kokwamba da yalo da latas, na biya na sayi kiret biyu na ƙwai da kaji da kifi, na sayi sikeli na gida a kan naira 12,000. Lokacin watanni huɗu ke nan da cire tallafin man fetur, kayan abinci na tashi kullum, sai ga shi a kwana biyu na kashe abin da ya kusa kai cefanen gidan gaba ɗaya na mako guda a kan cikina ni kaɗai. A zauren aka koya mana tuwon kabeji: a yanka kabeji a markaɗa, a zuba a kyalle mai tsabta a matse ruwan sosai, a ɗora a wuta ana juyawa, a barbaɗa wani gari da ake kira siliyam domin ya kama jikinsa. Yana mulmuluwa kamar tuwo, amma a baki ba tuwo ba ne, kuma ɗan ƙaramin ƙullin garin nan ya fi kwanon masara tsada. Daga ranar aka koma tukunya biyu a gidana. Nakan dawo daga makaranta da la'asar in tuƙa wa mutum bakwai tuwon masara da miyar kuka, sannan in koma in fara nawa girkin daga farko, ina jin ƙamshin abincin da na dafa da hannuna amma ba halin in taɓa.

A kwana na uku ciwon kai ya kama ni tun daga goshi har ƙeya, ina tsaye gaban allo ina ganin rubutuna bibbiyu. Dare ya yi ƙafafuna suna ɗaurewa, bayan gida ya yi tauri har kwana huɗu, bakina kuma ya ɗauki wani wari da asuwaki da man goge baki suka kasa kawarwa, har ƙaramar 'yata ta tambaye ni ko ba ni da lafiya. Da na kai kuka zauren sai aka ce wannan alamar nasara ce, jiki ne ke sauya makamashi, in jiƙa gishiri da magi a ruwan ɗumi in riƙa sha safe da yamma. Na bi umarnin. A kwana na goma na hau sikeli na ga kilo 92.5, wato kilo uku da rabi sun tafi, kuma ba zan ɓoye irin farin cikin da na yi ba, domin shekara goma sha biyar rabon da in ga nauyina ya yi ƙasa. Aka saka sunana cikin jerin waɗanda suka yi fice a makon, mata suka yi ta turo addu'a da barka.

Daga mako na uku abin ya fara tafiyar hawainiya, a mako na biyar ya tsaya cak a kilo 90.5. A daidai wannan gaɓa ce shugabar zauren ta yi mini magana ta gefe, ta ce: "Hajiya, jikinki ya tara datti ne, sai an wanke shi." Ta sayar mini da wani shayi na rage teɓa a kan naira 15,000, a cikin leda mai kyalli, babu lambar rajistar NAFDAC, babu jerin abin da ke ciki. Dare uku na sha, dare ukun nan ban yi barci ba saboda murɗawar ciki da zarya zuwa banɗaki. Surukata, wadda muke zaune tare, ta buɗe ledar ta murza ganyen a tafin hannunta ta sunsuna, ta ce: "Ke 'yar nan, wannan ai filasko ne, wanda muke jiƙa wa mai taurin ciki. Shi kika saya da wannan kuɗi?" Sikeli ya sauka da kilo ɗaya, amma a rana ta huɗu ina hawa benen makaranta jiri ya ɗebe ni, zuciyata na bugawa kamar za ta fito, sai ɗalibai ne suka riƙe ni suka zaunar da ni a matakala. A ƙarshen makon aka yi bikin 'yar yayata, na wuni cikin dangi ana ta miƙo waina da sinasir da alkaki, haƙurina ya ƙare na ci har na ƙoshi, kwana biyu bayan nan sikeli ya nuna 92. Kunya ta hana ni tura hoto ranar Asabar, kuma da aka fitar da sunayen waɗanda ba su tura ba na fice daga zauren ba tare da sallama ba.

Maigidana ne ya matsa mini in je asibiti, abin da ya kamata in yi tun ranar kujerar roba. A tsakiyar Nuwamba na isa wani asibitin gwamnati da ƙarfe shida da rabi na safe, na tarar da mutane sun riga ni a benci. Matakin farko shi ne yankar kati, kuma sai an fara biya a wurin karɓar kuɗi a kawo rasit kafin a buɗe fayil, abin da ban sani ba har na ɓata kusan minti arba'in a layin da ba nawa ba. Katin ya ci naira 1,500. Bayan nan wata ma'aikaciyar jinya ta auna nauyina da tsayina da jinina, ta dubi na'urar ta sake ɗaura mini a ɗaya hannun, sannan ta rubuta 150 bisa 95 ba ta ce komai ba. Sai wajen sha ɗaya da rabi na ga likita. Na ba shi labari tun daga farko, da na zo kan ruwan gishiri da magi sai ya ajiye biro ya ce: "Malama, mai irin wannan awon jini ba ta shan ruwan gishiri." Ya lissafa mini ma'aunin ƙiba da ake kira BMI, wato a raba nauyi da tsayi sau tsayi, ya ce a kilo 96 nawa ya kai 36.6, alhali a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 kuwa ƙiba ce da ake ɗauka a matsayin cuta. Game da shayin ya ce abin da ya fita daga jikina ruwa ne da gishirin jiki, ba kitse ba, kuma ya gargaɗe ni cewa an sha samun wani magani mai suna sibutramin a ɓoye cikin kayan rage ƙiba marasa rajista, maganin da ƙasashe da dama suka janye daga kasuwa a 2010 saboda haɗarinsa ga zuciya.

Ya rubuta mini gwaje-gwaje biyar: sukarin jini kafin a karya kumallo, gwajin HbA1c mai nuna matsakaicin sukari na kusan wata uku da suka wuce, kitsen jini, aikin ƙoda da aikin hanta. Gaba ɗaya sun tasam ma naira 24,000 a lokacin, kuma na tabbata farashin ya sauya tun daga nan. A nan ma na sake yin tuntuɓe, domin washegari na sha shayi da madara kafin in fito, ina ganin ai shayi ba abinci ba ne, sai ma'aikacin ɗakin gwaji ya mayar da ni gida. Ana son mutum ya kwana aƙalla awa takwas, wani gwajin har sha biyu, bai sa komai a ciki ba sai ruwa zalla. Na dawo rana ta uku aka ɗebi jini, aka ce in zo bayan kwana uku in karɓi sakamako da rasit ɗina a hannu, sannan in sake bin layin likita. Waɗannan kwanaki ukun sun yi mini tsawo ƙwarai, domin mahaifiyata ciwon suga ne ya yi ajalinta, kuma na ga yadda ya fara da yatsan ƙafa.

Sakamakon ya nuna sukarin safe 6.2, HbA1c kuma 6.1. Likita ya ce ban kai ga ciwon suga ba, domin ana tabbatar da shi ne daga 7.0 a gwajin farko ko 6.5 a na biyu, amma ina bakin ƙofarsa. Ƙoda da hanta lafiya lau, kitsen jini kuwa irin wanda ba a so ya ɗan haura, kuma ya ce makonni shidan da na yi ina cin man shanu da fatar kaza da soyayyen ƙwai ba ƙaƙƙautawa suna iya kasancewa da hannu a ciki. Ya sa na riƙa auna jinina a kemis kullum har mako biyu ina rubutawa a takarda, da na kawo ya ga yawanci ya haura 140 bisa 90 sai ya ɗora ni kan ƙwayar magani ɗaya a rana. Sannan ya ba ni takardar turawa zuwa sashen masana abinci, inda na tarar ba kullum suke ganin marasa lafiya ba, sai na jira mako uku kafin ranata ta zo. An ce in zo da katina, da sakamakon gwaji, da rubutaccen bayanin duk abin da na ci da na sha na kwana uku, har da abin da na ɗanɗana a bakin tukunya.

Zaman da na yi da masaniyar abincin a watan Disamba bai wuce minti arba'in ba, amma shi ne ya warware mini ruɗanin wata uku. Ba ta kushe keto ba. Ta ce tsari ne na asibiti tun asali, wani likita a Amurka mai suna Russell Wilder ne ya tsara shi a 1921 domin masu farfaɗiya, kuma yana rage nauyi da sukari ga wanda ya iya riƙe shi ƙarƙashin kulawa. Sai dai ta bayyana mini cewa jiki na ajiye sitaci a hanta da tsoka tare da ruwa, kowane giram ɗaya da kusan giram uku na ruwa, don haka kilo uku da rabin da na yi murna da su a kwana goma yawancinsu ruwa ne, kuma kilo biyu da rabin da suka dawo bayan biki su ma ruwan ne, ba wai waina ta zama kitse a dare biyu ba. Da na san wannan da ban fice daga zaure cikin kunya ina ganin na rushe komai ba. Ta ƙara da cewa mai ciki, da mai shayarwa, da mai ciwon ƙoda, da mai yin allurar insulin ko shan wasu magungunan suga, bai kamata su yanke sitaci haka ba sai da sanin likita, domin sukarinsu na iya faɗuwa ƙasa warwas. Na tuna matan zauren nan da ke tura hoton abinci da jariri a cinya, hankalina ya tashi.

Daga nan ta jawo takardata ta kwana uku ta bi ta layi-layi da jan biro. Ta zana faranti ta raba shi: rabi ganye da miya, kwata nama ko kifi ko ƙwai ko wake ko awara, kwata ɗaya kuma tuwo ko shinkafa, malmalar da ba ta wuce dunƙulen hannuna ba. Ta ce: "Anti, ki koma tukunyar gidanki. Miyar kuka da kuɓewa da taushe da zogale ba su yi miki laifin komai ba, malmala uku ce matsalar." Ta dawo mini da wake da alale da ɗanwake daidai gwargwado, ta ce in fara cin ganye da nama kafin in taɓa tuwon. Abin da ta yanke gaba ɗaya shi ne abin sha mai zaƙi. Ta ce kwalbar lemon kola mai santilita 50 na ɗauke da sukari fiye da giram 50, wato ta cinye iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba babba a wuni guda, kuma zoɓo da kunun aya da fura idan an zuba musu sukari hukuncinsu ɗaya. Ta gyara mini wasu abubuwan da na ɗauka gaskiya ne: acha sitaci ce ita ma, zuma da dabino sukari ne a cikin jini ko da sun fi sukarin kanti amfani, mai kuwa kowane giram nasa ya ninka na sitaci ƙarfi fiye da sau biyu, don haka a auna shi da cokali, a daina tuttulawa daga galan. Burin da ta sa mini shi ne rabin kilo a mako, da tafiyar minti 30 sau biyar a mako, kuma ta ba ni labarin wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 kan mutum fiye da 3,000 masu irin matsayina, inda waɗanda aka ɗora kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Kashi 7 na nauyina bai kai kilo bakwai ba, ni da nake ganin sai na zubar da talatin kafin a ce na yi wani abu.

A watan Janairu na 2024 muka kafa tamu ƙungiyar, mu bakwai, malamai huɗu da maƙwabta uku, ba kuɗin shiga kuma ba a sayar da komai. Sharaɗinmu na farko shi ne kowa ta je a auna jininta da sukarinta kafin ta shiga, kuma a dalilin wannan sharaɗi aka gano ɗaya daga cikinmu tana da ciwon suga ba ta sani ba. Mukan haɗu a filin makaranta bayan gari ya waye, cikin sanyin hunturu da hazo, mu zagaya shi da hijabanmu da takalman roba har minti talatin, ni ina ɗingisawa a baya a makonnin farko. Awo sau ɗaya muke yi a mako biyu, a sikeli ɗaya, da safe, a rubuta a littafi, ba a karanta na kowa a bainar jama'a. Dole in yi wa zauren farko adalci a nan, domin a can na koyi cewa sanin wani zai tambaye ka yana hana hannu kaiwa ga kwano na biyu, kuma wannan amfanin ne muka ɗauko muka bar sauran. Kafin azumi na sauko zuwa kilo 86.

Azumin 2024 ya kama ranar 11 ga Maris, cikin tsananin zafin Kano, kuma na koma asibiti tun kafin ya zo na tambayi yadda zan yi da maganin hawan jini, likita ya sauya mini lokacin shansa. A shekarun baya nakan fito daga Ramadan da ƙarin nauyi, saboda kunun tsamiya mai sukari da ƙosai da soyayyen dankali da doya da lemo da ke jiran mutum a kan tabarma. A wannan karon nakan buɗe baki da dabino uku da ruwa, in yi Magariba, sannan in ci farfesu ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, bayan Tarawihi in ci ɗan tuwona. Sahur kuwa ƙwai ko alale ko kindirmo marar sukari, da ruwa mai yawa. Kwanakin farko na sha wuya da nake ganin yara na shan kunu, amma ba irin wuyar keto ba ce, domin kwano ɗaya muke ci, nawa ne kawai ya bambanta a yawa. A daren ashirin da bakwai na yi sallar dare gaba ɗayanta a kan darduma, da ruku'u da sujada, ba kujera a bayana. Ranar Sallah, 10 ga Afrilu, nauyina 84.5.

Abin da ba wanda ya shirya ni a kansa shi ne bakin mutane. Da kayan Sallah suka yi mini yawa, a gidan suna da gidan biki tambaya ɗaya ce: lafiya kuwa, me ke damunki, ko maigida ne zai ƙara aure. Wata gwaggona ta ja ni ɗaki ta riƙe hannuna ta ce in faɗa mata gaskiya idan wata cuta ce ake ɓoyewa. Da farko abin na ƙona mini rai, daga baya na gane cewa a wurinmu rama ta daɗe tana nufin ciwo ko baƙin ciki ko rashi, don haka tambayar tasu kulawa ce. Na koyi amsa guda, cewa likita ne ya ce in rage saboda suga da hawan jini, kuma duk wanda ya ji sunan suga yakan yi shiru ya yi addu'a, domin da wuya gidan da bai san shi ba. Surukata, wadda da farko take cewa ana horar da ni da yunwa, ita ce daga baya take tsinko mini zogale tana shanyawa a inuwa.

Bayan Babbar Sallah a watan Yuni nauyin ya tsaya a kilo 83 har kusan mako tara, ga damina ta hana mu fita wasu ranaku, ga gashina na zuba a mataji fiye da yadda na saba. Wannan ita ce gaɓar da a baya na sayi shayi. A wannan karon na koma wurin masaniyar abincin da takardar kwana uku, ta gano cewa gyaɗa da ƙuli-ƙuli da nake ci tsakanin darasi da darasi sun yi yawa, kuma malmalata ta girma a hankali ban lura ba. Ta ce tsayawar nauyi abu ne da ake tsammani domin ƙaramin jiki bai buƙatar abin da babba ke buƙata, zubar gashin kuma kan biyo bayan raguwar nauyi ya wuce da kansa, kuma haka aka yi. A Oktoban 2024 na maimaita gwaje-gwajen: nauyi kilo 80, ƙugu santimita 93, HbA1c 5.6, kitsen jini ya sauko. BMI ɗina 30.5 ne, wato har yanzu ina cikin rukunin masu ƙiba, kuma har yau ina shan maganin hawan jini, domin likita bai ce in daina ba.

Da za a mayar da ni ranar kujerar roba, asibiti zan fara zuwa kafin kowane zaure, domin kuɗin da na kashe a rajista da shayi da garin siliyam ya fi kuɗin kati da gwaje-gwaje biyar, kuma na yi mako shida ina shan ruwan gishiri da hawan jinin da ban san da shi ba. Ina ganin rage sitaci hanya ce ta gaskiya ga irinmu da muka tashi kan tuwo safe da dare, amma akwai tazara mai nisa tsakanin ragewa da yankewa, kuma tsarin da zai raba mace da tukunyar gidanta ya ninka mata cefane da aiki da wuya ya kai shekara. Ƙungiya kuma tana da amfani matuƙar ba ta da abin sayarwa. Duk zauren da shugabarsa ke samun riba a ranar da nauyinki ya tsaya, shawararta a wannan rana ba abin dogaro ba ce. Haka nan ban ga alherin fitar da sunayen waɗanda suka gaza ba, domin mai ƙiba ta riga ta sha kunya a wurin tela da cikin Adaidaita Sahu, ba ta buƙatar ƙari daga waɗanda ta je neman taimakonsu.

Ga wadda za ta je asibiti gobe, ta kwana ba ta ci komai ba bayan Isha sai ruwa, domin idan likita ya rubuta gwaji da wuri ta iya bayar da jini a ranar ta huta da dawowa, ta kuma sa ɗan abin karyawa a jaka saboda layi na iya kaiwa Azahar. Mai ciwon suga da ke shan magani ita kam kada ta yi wannan sai ta tambayi likitanta. Ta tafi da duk maganin da take sha a cikin kwalinsa, har da na gargajiya da shayin rage teɓa idan ta saya, ta riƙe kowane rasit, ta ɗauki hoton sakamakon gwajinta a waya domin fayil kan ɓace, kuma ta roƙi takardar turawa zuwa sashen masana abinci da bakinta, domin ba kowane likita ne ke tunawa ya bayar ba idan layi ya yi tsawo. Ni an ba ni wata shida kafin in koma a sake duba sukarin, kuma burin da muka sa da masaniyar abincin kafin ranar shi ne kilo 77.